Jirage bakwai na saya, ɗaya nake tuƙawa

Ƙanina ne ya turo min saƙo daren Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya, wai Yaya an yi ragi a kasuwar cikin wasan nan na tuƙin jirgi a kwamfuta, Microsoft Flight Simulator (MSFS), ga hotuna uku wanne zan saya kafin ragin ya ƙare. Na buɗe hotunan, jirage ne masu kyau kam, fenti sai sheƙi yake, kujerun fata har ɗinkin ana gani, irin hoton nan da ake ɗauka da yamma rana na faɗuwa don dai a kama irinmu. Na ce masa ya je ya kwanta kar ya kuskura ya taɓa katinsa, da safe zan yi masa bayani. To bayanin ne ya yi tsawo har ya fi ƙarfin WhatsApp, shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya ko wani ma zai amfana.

Ni dai ba matuƙin jirgi ba ne, jirgin gaske sau uku na taɓa shiga kuma duka a fasinja. Abin da nake da shi tebur ne a lungun falo, da kwamfuta, da jostik, da awa ɗaya ko ɗaya da rabi bayan isha'i idan yara sun kwanta kuma batirin inbata bai yi ƙasa ba. Da FSX na fara, tsohon samfurin wannan wasan, wanda ya fito a 2006, ni kuwa sai bayan shekaru ya iso hannuna a wata tsohuwar laftof mai zafi kamar dutsen guga. Lokacin ba abin da nake so sai manyan jirage, in ɗauki 747 a Kano in ce Jidda za ni, tafiyar sama da awa huɗu, in kunna otofailot in zauna ina kallon allo kamar mai gadi. Wallahi ban taɓa ganin Bahar Maliya ba, kullum a sararin Chadi ko Sudan ake ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa minti ashirin ne iyakarsa. Alhazan da na bari a sama ba su da iyaka.

Da sabon Microsoft Flight Simulator ya fito a Agustan 2020 sai da na yi shekara guda ina tari kafin na haɗa kwamfutar da za ta iya ɗaukarsa, saukewar kanta sama da gig 100 ce, sai ofishin wani abokina na kai kwamfutar ta kwana biyu a can. Ranar da na fara kunnawa na ce bari in gwada ƙaramin nan Cessna 152 kafin in koma manya. Na tashi daga titi na 06 a filin Malam Aminu Kano, na juya kudu, sai ga Dala, ga titin Zariya ya miƙe ɗoɗar, can gaba kuma ruwan Tiga yana walƙiya. Gidajen da kwamfuta ta ƙaga ba su yi kama da na cikin birni ba, amma tituna da gonaki da rafuka duk suna inda na san su. Tun daga ranar ban ƙara waiwayar 747 ba. Ashe a ƙafa dubu talatin da biyar ba abin da kake gani sai gajimare, ƙasar tana ƙafa dubu uku.

Daga nan ne ciwon saye-saye ya kama ni. Jirgin farko da na saya ba zan faɗi kamfanin ba, amma kyan ɗan maciji ne. Daga waje kamar ka sa hannu ka shafa, ciki kuwa rabin maɓallan in ka kai linzami kansu sai ka ga ba sa aiki, ado ne kawai. Injinsa ba ya fushi, ko ka tura totur har ƙarshe ka bar shi awa biyu agogon zafi ba zai motsa ba, ko ka tayar da shi ta hanyar da ba daidai ba zai tashi, saukarsa da ta 172 da ta zo da wasan kusan duk ɗaya. Sati biyu na yi ina ɗaukarsa hoto ina sawa a sitatus sannan na gaji. Kuma kasuwar cikin wasan in ka saya ka saya, ba kasafai ake mayar da kuɗi ba. Haka na yi ta yi, wannan ragi wancan ragi, har suka kai shida a gareji, duk wanda na buɗe sai in zagaya Kano sau ɗaya in rufe.

Sai daga baya na gane tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko ba wanne ya fi kyau ba ce, a'a wane irin tashi nake yi a zahiri. Ni awa ɗaya gare ni. A awa ɗaya 152 mai tafiyar not 100 (wato mil 100 na sama a awa) ko ƙasa da haka Zariya kawai zai kai ni, mil 75 ne na sama tsakaninsu, in an haɗa da tayar da inji da hawa da sauka lokacin ya ƙare. Jos kuwa kusan mil 145 ce, Damagaram ɗari da 'yan kai, duka sun fi ƙarfin darena a 152. To kaga ina buƙatar abin da zai yi not 140 zuwa 160. Amma kuma in ya wuce haka, irin TBM 930 mai wuce not 300, kafin ka gama hawa an fara sauka, ka koma gidan jiya na zama kana kallon allo.

Abu na biyu shi ne kayan da ke gabanka. Ni Logitech Extreme 3D Pro gare ni, mai murɗawa a madadin feda, da ɗan totur guda ɗaya a gindinsa. Na ga masu Honeycomb Alpha da Bravo, wato yok (sitiyarin jirgi) da akwatin totur, a bidiyo, Allah ya ba mu, amma kuɗinsu da na kawowa ya fi ƙarfina yanzu. Wannan kaɗai ya cire min jirage masu inji biyu daga lissafi. Cessna 310R na Milviz da 414 na FlySimWare kowa yabonsu yake, amma daɗin inji biyu shi ne ranar da ɗaya ya mutu ka danne feda ka ja hannun wanda ya mutu ka daidaita farfelarsa, to da totur ɗaya da linzami ya za ka yi, kafin ka nemo maɓallin a allo jirgin ya kifa. Haka ma masu ƙaramar taya a wutsiya, ba feda wahala kawai za ka sha a ƙasa kana wulwulawa kamar mai koyon keke.

Na uku agogo ko gilashi. Wasu jiragen gabansu manyan allo biyu ne na Garmin G1000, ka zana hanya layi mai launi ya fito ka bi shi, wasu kuma tsofaffin agogai ne zagayayyu masu allura guda shida a tsakiya. Ni mutumin agogo ne, ba wai don na fi kowa iyawa ba, monitana inci 24 ne, rubutun G1000 sai na matso da kyamara nake iya karantawa, allura kuwa ko da gefen ido ka san inda ta nufa. Kuma gaskiya akwai wani daɗi a ce ka gane Zariya da duwatsun Kufena ba da layin kwamfuta ba.

Kafin in je ga na kuɗi bari in faɗi wani abu da ƙanina bai so ji ba, jiragen da suka zo da wasan ba na yarwa ba ne. Cessna 172 tun 1956 ake ƙera shi, an yi sama da 44,000, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a tarihi, kuma ba banza ba, jirgi ne mai haƙuri da ɗan koyo. Akwai Diamond DA40 NG shi ma a cikin na asali, irinsa ne kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta kawo tana koyar da ɗalibai bayan tsofaffin Tampico da ta daɗe da su. Injinsa irin na dizal ne yana shan man manyan jirage Jet A-1, hannu ɗaya ne kawai na ƙarfi kwamfuta ce ke kula da sauran. Duk yaron da ke mafarkin zuwa Zariya wannan ya kamata ya zauna a kai, ko sisi ba zai ƙara ba. Sannan a shafin flightsim.to akwai gyaran da JPLogistics suka yi wa 152 kyauta, ya fi wasu na kuɗin da na saya nesa ba kusa ba, wannan maganar har yanzu tana min ciwo.

To da na zauna da gaske zan sayi na bakwai, uku ne suka rage a takardata. Akwai Kodiak 100 na SimWorks Studios, jirgin daji ne da aka ƙera a Idaho ta Amurka don masu kai agaji ƙauyukan da ba kwalta, injin tabain PT6 mai ƙarfin doki 750, yana tashi a ɗan guntun fili. Na so shi sosai amma gabansa G1000 ne kuma ni ba kaya nake kaiwa Papua ba, na ajiye shi. Akwai Piper Arrow III na Just Flight, kamfanin Ingila, doki 200, taya mai naɗewa, hannuwa uku a jere baƙi na totur shuɗi na farfela ja na mai, yana da ɗan allon hannu da kake duba lafiyar inji, fulogi na yin datti, batir na sanyi in ka bar wuta a kunne. Gaskiya wannan shi ne zaɓin mai hankali, matakin da ya dace bayan 172 kenan. Sai na uku, Piper Comanche 250 na A2A da ya fito wa MSFS a 2023, wanda tun zamanin FSX nake jin labarinsa. Na leƙa aikin Black Square ma, masu mayar da Caravan da Bonanza da Baron zuwa agogo zalla da wayoyin lantarkin da kowane fiyus ke aiki, suna cikin ran nawa har gobe.

Comanche ɗin kusan dala 50 na saye shi, kuma lokacin da na yanke shawara a 2024 dala ta haura naira 1,500, kai ka buga lissafin, kusan kuɗin buhun shinkafa a lokacin. Katin nairata ya ƙi shiga, na gwada sau uku, ƙarshe wani ɗan ajinmu da ke zaune a waje ne ya biya na tura masa naira. Uwargida ta ga alat ɗin fitar kuɗin ta ce Malam me aka saya haka, na ce jirgi, ta ce wani kuma, ina sauran shidan, na ce wannan daban ne, ta ce haka ka ce a na biyar. Ban da amsa. Af, a shafin kamfanin na saya ba a kasuwar cikin wasan ba, don gyare-gyare sun fi saurin isowa ta can, amma wanda ke kan Xbox ba shi da wannan zaɓin, kasuwar ciki ce kawai tasa, sai ya tabbatar jirgin da yake so yana can kafin ya sa rai.

Abin da ya ja ni gare shi shi ne mai kamfanin, Scott Gentile, yana da Comanche na gaske da yake tuƙawa, a kansa suka yi aikin. Jirgin kansa tsoho ne, Piper ta fara sayar da shi a 1958, inji Lycoming O-540 mai silinda shida da kafireta, aka daina ƙera shi a 1972 bayan ambaliyar kogin Susquehanna ta cinye masana'antarsu a Lock Haven, ba su sake farfaɗo da layin ba. Duka-duka ba su kai dubu biyar ba.

Daren farko minti arba'in na yi ban bar wurin ajiya ba. Da farko sai ka zagaya jirgin, ka cire igiyoyin da aka ɗaure fukafukai, ka cire katakon taya, ka zare murfin ɗan bututun da ke auna gudu, ka buɗe ka ja sandar baƙin mai ka ga inda ya tsaya, ka tsiyayi fetur a ɗan kofi ka duba ko akwai ruwa a ƙasansa. Na gama duk wannan ina jin kaina kamar wani kyaftin, na shiga, na yi ta bunƙasa masa mai da famfon hannu don ina ganin yawan shi ne alheri, na murɗa makulli, farfela ta juya ta juya, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na sake, shiru. Ashe na shaƙe shi da mai ne. Nan take na tuna tsohuwar 504 ɗin mahaifinmu, da safe in ta sha mai ta ƙi tashi sai ya ce kowa ya matsa, ya take totur har ƙasa ya riƙe yana ba ta sitata har ta tofar da abin da ta sha. Wallahi dabarar ɗaya ce, na buɗe totur gaba ɗaya na ja jan hannun mai baya, na murɗa, sai ga shi ya kama da wata irin girgiza har allurai na rawa. 'Yata da na ɗauka ta yi barci ta leƙo ta ce Abba janareta ka kunna, na ce je ki kwanta.

Washegari kuma wani darasin. Na tayar da shi lafiya, na bar shi yana sululu ina ta faman shirya hanya a manhajar taswira ta Little Navmap kusan minti goma sha biyar, mai a buɗe har ƙarshe. Da na je bakin titi na kai injin juyi 2,000 a minti don gwada magneto, masu ba fulogi wuta, na juya makulli gefe ɗaya sai injin ya fara kakkarwa yana ɓata wuta kamar babur ɗin da ya sha gurɓataccen mai. Fulogi sun yi baƙi. Duk mai tsohuwar Vespa ya san wannan ciwon. Maganinsa ka ƙara wuta ka rage mai sosai na ɗan lokaci har zafi ya ƙone dattin, rigakafinsa kuma da zarar inji ya tashi ka ja jan hannun nan baya muddin kana ƙasa. A sauran jiragena shida ban taɓa sanin amfanin wannan hannun ba sai wajen kashe inji.

Kuma jirgin ba ya mantuwa, wannan shi ne abin da ya fi komai canza min wasan. Yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi yau. In ka bar makunnin batir a kunne ka rufe kwamfuta, to ka shirya. In ka saba buga shi da ƙasa ko kana tura inji da sanyinsa kafin mai ya ɗumama, yana rubuce, wata rana za ka buɗe shafin makanike ka ga abin da ka jawo. Sai na tsinci kaina ina lallaɓa shi kamar motar aro.

Zafinmu ma sai da wannan jirgin na san yana da hannu a tashi. Filin Kano bai kai ƙafa 1,600 daga teku ba, amma ranar Afrilu da rana tsaka in zafi ya kai 40, iska ta yi sirara har jirgi yana jin kamar yana kusan ƙafa 5,000. Na sa yanayin gaske, na cika tankuna, na ɗora mutum huɗu da kaya don in ga iyakarsa, sai ya yi ta gudu a titi kamar ba zai rabu da ƙasa ba, da ya tashi ma da ƙyar yake hawa, agogon zafin silinda na ta matsawa sama har sai da na sauke hanci na bar iska ta shige shi. Jos ta fi, filin Yakubu Gowon sama da ƙafa 4,200 yake, ko da zafin 30 ne kawai lissafin yana kaiwa wajen 7,000, a can in ba ka ɗan rage mai kafin ka tashi ba ƙarfin inji kake zubarwa.

Tafiyar Jos ɗin ce ma ba zan manta ba. Comanche na da manyan tankuna biyu galan 30 kowanne, kuma kana iya ƙara ƙanana a bakin fukafukai galan 15 kowanne, makunnansu na ƙasa tsakanin kujeru inda ido ba ya kaiwa sai ka sunkuyar da kyamara. Bayan na gama hawa na mayar da shi kan ƙaramin tankin hagu da niyyar in canza bayan minti talatin, sai waya ta shigo, ƙanwata ce kan maganar biki, muka yi ta yi, na gama na ci gaba da kallon ƙasa tana canzawa daga shimfiɗaɗɗen filin Kano zuwa duwatsu, na manta shaf. Inji mai shan galan goma sha biyu zuwa sha huɗu a awa, ga hawan da na yi ta yi ina wasa da totur, ina hango tudun Filato sai na ji ya yi tari, allurar matsin mai ta faɗi, sai shiru, iska kawai nake ji a lasifika. Na san wasa ne, ina zaune a falo da silifas, amma wallahi sai da gabana ya faɗi. Na fara laluben kafireta ko ƙanƙara ce, na duba magneto, sai can na tuna, na sunkuya na mayar da makunni kan babban tanki na kunna famfon lantarki, daƙiƙa kaɗan da suka yi min kamar shekara sannan ya kama. Na yi asarar kusan ƙafa dubu. Tun ranar agogon kicin ɗin uwargida mai ƙararrawa ya koma teburina, ta yi cigiya har ta gaji.

Ba zan ce komai nasa daɗi ba ne. Saukarsa sai da ta kusa sa ni in yi fushi da shi. Fiffikensa siriri ne mai santsi, in ka zo da gudu ya yi yawa sai ya yi ta shawagi a kan titi ya ƙi zama, in kuma ka ja shi da yawa sai ya saki jiki lokaci guda ya faɗo tim, ga tayar gaba babba ce tana son riga na baya taɓa ƙasa. Agogon gudunsa ma da mil a awa yake ba not ba, sati na farko ina ta rikicewa. Sai da na yi dare kusan goma ba inda nake zuwa, in tashi a Zariya in zagayo in sauka in sake tashi, ina riƙe wajen 90 a gangarowa, tirim mai daidaita hancin jirgi ina ta ja baya, ɗan totur kaɗan a bari har kusa da ƙasa, sannan na fara samun saukar da ba ta sa kofin shayina rawa a zuciyata ba. Kuma ranar da kake da minti ashirin kacal kafin batirin inbata ya yi ƙara, zagayen duba jirgi da ɗumama inji za su cinye rabinsu. Akwai maɓallin da zai tayar maka da komai nan take, amma in na danna sai in ji kamar na ci amanar wani.

Lokacin hunturu kuwa in ka sa yanayin gaske wasu ranakun hazo ya rufe Kano ba ka ganin ko ƙarshen titi, nan ne na fara koyon bin allurar VOR, mai nuna hanya daga tashar rediyo a ƙasa, da ɗan otofailot ɗinsa S-TEC 30 wanda ba ya yin komai sai riƙe hanya da tsayi, shi ba ya sauke ka, kai za ka sauke kanka. Wani dare na dawo daga Damagaram cikin irin wannan hazon, ban ga fitilun titi ba sai da na kusa, na sauka a karkace amma na sauka.

Masu ɗaya wasan, X-Plane 12, kar ku ce na manta da ku, ku ma kuna da irin wannan, Reality Expansion Pack na SimCoders da 172 na Airfoillabs duk wannan hanyar suka bi ta inji mai lalacewa da zagayen dubawa, kuma X-Plane bai cika cin data ba kamar namu don taswirarsa a kan kwamfutarka take. MSFS 2024 da ya fito a Nuwamban 2024 kuwa kusan komai daga intanet yake jawowa yana tafe, shi ya sa har yanzu ina kan na 2020, wanda ya koma can sai ya duba da kyau ko jirgin da zai saya an gyara shi don sabon, ba duka ne suka tsallaka lafiya ba.

Abin da na ce wa ƙanina da safen shi ne, tukuna ma ka taɓa tashi daga Kano ka sauka a Katsina da 152 ba tare da ka kalli GPS ba, ya ce a'a. Ka san abin da jan hannun nan yake yi, ya ce na kashe inji ne ko. Na ce to rufe kasuwar nan, ragi zai dawo, kusan duk bayan 'yan watanni ana yi. Je ka sauke gyaran 152 na kyauta ka yi wata guda a kansa. Ranar da ka ji ya yi maka kaɗan, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kake so ka nemi littafinsa, da yawansu suna barin a sauke kafin a saya, in ka ga shafi goma sha biyu ne rabi hotuna ka san abin da ke ciki, in ka ga ya haura ɗari har da jadawalin shan mai da nisan titin da yake buƙata a kowane zafi to an yi aiki. Bidiyon ranar da jirgi ya fito kuma ka bar su, yawancin masu yinsu kyauta aka ba su, nemi wanda ya yi wata shida da shi yana ƙorafi. Na ce masa kuma shi da yake da feda da yok na hannu da ya saya wurin wani, Arrow zai fi masa sauƙin shiga fiye da Comanche, ɗaya kawai, ba biyu ba.

Ya ce to Yaya na ji. Da la'asar sai ga hoto ya shigo, jirgi ja da fari a gaban hasumiyar Kano rana na faɗuwa a bayansa, ɗaya daga cikin ukun nan na daren jiya, wai ragin saura awa biyu ya ƙare shi ya sa. Ban ba shi amsa ba tukuna. Nawa yana Zariya inda na bar shi shekaranjiya, tankin dama saura kwata, kuma ina zargin ban kashe fitilar wutsiya ba.